Nawa masu mastas a fannin HR ke samu? Sharhi kan alƙaluman College Scorecard

Duk wanda ya taɓa neman bayani kan karatun digiri na biyu a Amurka ya ci karo da irin jerin nan: sunayen jami'o'i a gefe guda, adadin daloli a ɗaya gefen, wai ga abin da waɗanda suka gama kwas ɗin ke samu a shekara. Fannin kula da ma'aikata, wanda aka fi sani da HR, yana cikin fannonin da ake yawan jerawa haka, domin jami'o'i da yawa na koyar da shi, wasu a aji, wasu ta intanet, kuma tazarar da ke tsakanin na saman jerin da na ƙasa takan kai dubun-dubatar daloli. Da yawa daga cikin waɗannan jerin, idan ka bi diddiginsu, rijiya ɗaya suke ɗiba: College Scorecard, wato rumbun bayanan da Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ke fitarwa.

Mun zauna mun duba yadda ake haɗa waɗannan alƙaluma. Hukuncinmu tun daga farko shi ne: alƙaluman gaskiya ne, kuma sun fi duk abin da ake da shi kafin su, amma tambayar da suke amsawa daban ce da wadda ɗalibi ke yi. Ɗalibi na tambayar nawa digirin zai ƙara masa. College Scorecard na gaya masa nawa wasu mutane suka samu bayan sun gama. Tsakanin waɗannan biyun akwai rami, kuma mutane na faɗawa ciki da bashi a wuya.

Daga ina alƙaluman suka fito?

Gwamnatin Barack Obama ce ta fitar da College Scorecard a sigarsa ta yanzu a watan Satumban 2015. A lokacin, adadi ɗaya ake bai wa jami'a gaba ɗayanta, wato an haɗa injiniya da malamin tarihi a tukunya ɗaya. Sai a watan Nuwamban 2019, lokacin da Betsy DeVos ke riƙe da ma'aikatar, aka fara raba albashin kwas-kwas, har da na digiri na biyu. Daga nan ne mutum ya samu damar ganin adadin da ya shafi mastas a HR na wata jami'a tak.

Yadda ake yi mai sauƙin fahimta ne. Ma'aikatar na da sunayen ɗaliban da suka karɓi tallafi ko bashin karatu daga gwamnatin tarayya. Sai a haɗa waɗannan sunaye da bayanan haraji da ke hannun Baitulmalin ƙasar, a ga abin da kowa ya samu a shekara kaza bayan kammala karatu. Adadin da ake bugawa shi ne na mutumin tsakiya: idan ka jera ɗaliban daga mai ƙaramin albashi zuwa mai babba, na wanda ya faɗo daidai tsakiyar layi ake ɗauka, rabi sun fi shi, rabi ba su kai shi ba. Wannan zaɓi ne mai kyau, domin attajiri ɗaya ba zai ja lissafin sama ba.

Abin da ya cancanci yabo

Kafin mu soma suka, a ba kowa haƙƙinsa. A da, abin da ɗalibi ke dogaro da shi rahoton da makarantar ta wallafa da kanta ne. Makaranta ta aika wa tsofaffin ɗalibanta takardar tambayoyi, waɗanda suka ga dama su amsa. To wa ke saurin amsawa? Wanda ya samu aiki mai tsoka mana. Wanda ke zaune a gida yana ta tura takardun neman aiki ba shi da zumuɗin cika fom. Wani lokacin ma abin ya wuce son kai ya kai ga ƙarya tsagwaronta. A 2021 wata kotun tarayya ta samu Moshe Porat, tsohon shugaban makarantar kasuwanci ta Jami'ar Temple, da laifin zamba, saboda bayanan bogi da aka riƙa aika wa mujallar U.S. News domin a ɗaga darajar kwasa-kwasan makarantar.

Bayanan haraji ba su da wannan cutar. Makaranta ba ta da ikon zaɓen wanda za a ƙirga, kuma ba a dogara da abin da tsohon ɗalibi ya ga damar faɗa ba. A kan wannan kaɗai, College Scorecard ci gaba ne na gaske. Sannan ana nuna bashin da ɗaliban suka ɗauka kusa da albashin, abin da makarantu ba su cika son a ajiye su gefe da gefe ba.

Matsala ta farko: su wa aka ƙirga?

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma ya kamata ya san me take zubarwa. Tun da sunayen masu karɓar tallafin tarayya kawai ake da su, duk wanda bai karɓa ba ya fice daga lissafi. A matakin digiri na biyu, tallafin nan kusan duk bashi ne, domin kyautar Pell ta masu digiri na farko ce. Ke nan adadin da kake gani, a zahiri, albashin waɗanda suka ci bashi ne.

A fannin HR wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutane da yawa suna yin wannan mastas ɗin ne suna kan aiki, kamfaninsu na biya musu. Dokar harajin Amurka ta yarda kamfani ya biya wa ma'aikacinsa kuɗin karatu har dala 5,250 a shekara ba tare da an cire haraji a kai ba, wasu kamfanonin kuma suna biyan fiye da haka. Wanda kamfani ya biya wa, ko wanda ya biya daga aljihunsa, ko wanda makaranta ta ɗauke wa kuɗi, idan bai haɗa da bashin tarayya ba, ba ya cikin ƙirgar. Haka wanda ya fara bai gama ba, ko da ya fita da bashi. Haka wanda ba shi da aiki a shekarar da aka auna, domin ana lissafin ne kan masu aiki waɗanda ba su koma makaranta ba. Idan kuma ɗaliban kwas ba su da yawa, ana ɓoye adadin gaba ɗaya don kada a gane mutum, shi ya sa ƙananan kwasa-kwasai da dama za ka tarar babu komai a gabansu.

Laifin ba na masu haɗa bayanan ba ne kaɗai. Wata doka ta 2008 ta hana gwamnatin tarayya kafa rumbun da zai bi sawun kowane ɗalibi ɗaya bayan ɗaya. Da hannun da aka bar musu suke aiki. Amma masu ɗaukar adadin suna jera jami'o'i da shi ba kasafai suke gaya wa mai karatu wannan ba.

Matsala ta biyu: gonar ce ko takin?

Wannan ce babbar. A ce manomi biyu sun sayi taki iri biyu. Na farko ya zuba nasa a fadama, na biyu a jigawa. Da kaka ta yi, na fadama ya fi samun buhuna. Shin mun gano takin da ya fi kyau? Ba mu gano ba, sai mun san abin da kowace gona ke bayarwa idan ba a sa mata taki ba.

Mastas a HR a Amurka kusan iri biyu ne. Akwai na cikakken lokaci, irin na makarantar ILR ta Jami'ar Cornell, wadda aka kafa a 1945, da na jami'o'in Illinois, Minnesota, Michigan State da South Carolina, inda matasa ke shiga, su yi horon sanin makamar aiki a manyan kamfanoni lokacin hutun bazara, kamfanonin kuma su dawo su ɗauki wasunsu. Akwai kuma na yamma ko na intanet, wanda mafi yawan ɗalibansa sun riga sun shekara da shekaru suna aiki. College Scorecard bai nuna abin da ɗalibi ke samu kafin ya shiga ba, bai nuna shekarunsa a aiki ba.

Bari mu yi lissafi da lambobin misali, waɗanda muka ƙago don a gane batun kawai. A kwas na farko, ɗaliban sun shigo suna samun dala 85,000, sun fita suna samun 92,000. A kwas na biyu, matasa ne da za su samu 50,000 da ba su yi karatun ba, sun fita suna samun 75,000. A jeri, kwas na farko ne a sama, da tazarar dala 17,000. Amma abin da ya ƙara wa ɗalibinsa 7,000 ne, na biyun kuwa 25,000. Matashin da ya ga 92,000 ya ruga ya shiga kwas na farko ba zai fito da wannan albashin ba, domin ba shi da shekarun aikin da suka kawo 85,000 ɗin tun farko.

Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin wannan tarkon. A 2002, Stacy Dale da Alan Krueger sun duba ɗaliban digiri na farko, suka kwatanta waɗanda jami'o'i iri ɗaya suka karɓa amma suka zaɓi zuwa wurare daban. Sai suka ga yawancin fifikon albashin da ake jingina wa manyan jami'o'i ya dushe, in ban da ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda su kam sun ci riba. A matakin digiri na biyu kuma, Joseph Altonji da Ling Zhong sun wallafa bincike a 2021 inda suka kwatanta albashi kafin digirin da bayansa. Sun gano ribar ta sha bamban sosai daga fanni zuwa fanni, tana kuma danganta da abin da mutum ya karanta a digirinsa na farko, sannan suka yi gargaɗin cewa kwatancen kai tsaye tsakanin masu digirin da marasa shi sau da yawa yana ɓatar da mutum. A Birtaniya ma, inda ake haɗa bayanan makaranta da na haraji, wani binciken cibiyar IFS na 2020 ya nuna cewa tazarar albashin masu mastas tana raguwa ƙwarai da zarar an yi la'akari da irin makin da suka zo da shi da abin da suka karanta a baya.

Akwai tsohuwar muhawara a ƙarƙashin duk wannan. Gary Becker, a littafinsa na 1964, ya ɗauki ilimi a matsayin jarin da ke ƙara wa mutum ƙwarewa. Michael Spence kuma a 1973 ya nuna cewa takardar shaida na iya zama alama kawai, wadda ke gaya wa mai ɗaukar aiki irin mutumin da ke gabansa, ko da karatun bai ƙara masa komai ba. Dukansu sun samu kyautar Nobel daga baya. Adadi ɗaya tilo na albashi ba zai iya raba mana wanne ne ke aiki a wani kwas ba.

Matsala ta uku: suna ɗaya, ayyuka daban

Ana tara kwasa-kwasan ne ƙarƙashin lambar rukuni mai lamba huɗu, ta HR ita ce 52.10. A cikin wannan rumfar akwai gudanar da harkokin ma'aikata, akwai hulɗar ƙwadago da masana'antu, akwai nazarin ɗabi'ar ma'aikata a ma'aikatu, akwai horas da ma'aikata. Wanda zai je ya zauna teburin sulhu da ƙungiyar ƙwadago a kamfanin ƙera motoci, da wanda zai shirya bita a ƙaramin asibiti, duk sun zama abu ɗaya. Idan jami'a na da kwas biyu a rumfar, ana iya haɗe su a adadi guda. Wanda kuma ya yi MBA ya karkata zuwa HR, yawanci yana can wata rumfar daban.

Ayyukan kansu ba ɗaya ba ne. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta ce a watan Mayun 2023 albashin na tsakiya ga manajojin HR dala 136,350 ne a shekara, na jami'an HR na yau da kullum kuwa dala 67,650. Kusan ninki biyu ke nan. Masu tallar kwas sun fi son ambaton adadi na farko. Abin da ba sa ƙarawa shi ne, ita hukumar ta ce abin da aka saba nema don zama manajan HR digiri na farko ne da shekara biyar ko fiye na gogewa, duk da cewa wasu wuraren suna neman mastas. Ashe gadar da ke tsakanin albashin biyu, babban ɓangarenta shekarun aiki ne.

Sai batun wuri. Dala 80,000 a birnin New York ko San Faransisko ba ɗaya take da dala 80,000 a wani gari na jihar Mississippi ba, kuɗin haya kaɗai ya isa ya nuna haka. College Scorecard bai daidaita albashi da tsadar rayuwa ba, don haka makarantar da ɗalibanta ke zama a birane masu tsada za ta bayyana kamar ta fi. Abin dariyar shi ne, wannan darasi ne da ake koya wa duk ɗalibin HR a ajin tsara albashi: ba a kwatanta albashi sai an daidaita matakin aiki da gari da girman kamfani. Da jami'in HR zai kai wa shugabansa rahoto irin jerin nan, da an dawo masa da shi.

Haka nan adadin na tsakiya bai nuna faɗin tazara ba. Kwas biyu na iya zama da adadi ɗaya, amma a ɗaya kusan kowa na kusa da tsakiya, a ɗayan kuma wasu sun yi sama sosai, wasu suna can ƙasa. Ga mai cin bashi, na ƙasan ne abin tsoro. A nan wani shirin Hukumar Ƙidaya ta Amurka mai suna PSEO ya fi amfani: yana ƙirga waɗanda suka kammala ko sun ci bashi ko ba su ci ba, yana nuna na ƙasa da na tsakiya da na sama, bayan shekara ɗaya, biyar da goma. Illarsa ita ce makarantun da suka shiga shirin kawai ya ƙunsa.

Me ya sa batun ya yi zafi yanzu?

Saboda kuɗi ne masu yawa, kuma doka ta fara dogaro da irin wannan awon. A 2006 ne aka fara bai wa ɗalibin digiri na biyu a Amurka damar cin bashin Grad PLUS har iya abin da makaranta ta ce shi ne kuɗin karatun. Wani nazari da Preston Cooper ya yi a 2022, wanda ya yi amfani da bayanan College Scorecard ya kuma ƙiyasta abin da ɗaliban za su samu da ba su yi karatun ba, ya kai ga cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na digirorin mastas ba sa mayar da abin da aka kashe musu. Ƙiyasi ne, ana iya jayayya da zato-zaton da aka gina shi a kai, amma aƙalla ya yi tambayar da ta dace, ya kuma sa albashin da mutum ya rasa lokacin da yake zaune a aji cikin lissafi.

A ranar 4 ga Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan dokar da ta rufe Grad PLUS ga sababbin masu cin bashi daga 1 ga Yulin 2026, ta kuma ƙayyade bashin mastas irin na HR a dala 20,500 a shekara, jimilla 100,000. Dokar ta kuma tanadi cewa kwas ɗin da masu kammala shi ba su fi masu digiri na farko samu ba, idan hakan ya maimaitu, zai iya rasa damar bashin tarayya. A matsayin ma'aunin kama kwasa-kwasan da suka fi kowa lalacewa, wannan na da ma'ana. Amma matsalar gona da taki na nan: kwas ɗin da ke ɗaukar gogaggun ma'aikata zai tsallake cikin sauƙi ko da bai ƙara musu sisi ba.

Ga namu masu shirin tafiya

Idan kana Kano ko Maraɗi ko Kumasi kana duba jerin nan kana juya dalolin zuwa kuɗin gida, tsaya tukuna. Ɗaliban da suka shiga Amurka da bizar karatu ba sa samun tallafin tarayya, don haka babu irinka ko ɗaya a cikin adadin. Bayan kammalawa, izinin aikin da aka saba bai wa baƙon ɗalibi wata 12 ne. Ƙarin wata 24 na kwasa-kwasan da aka sa a rukunin kimiyya da fasaha ne, kuma yawancin kwasa-kwasan HR ba sa ciki. Bayan nan sai kamfani ya nema maka bizar H-1B, wadda ake bayar da 65,000 a shekara da ƙarin 20,000 ga masu babban digiri daga Amurka, masu nema kuma sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Sannan aikin HR a manne yake da dokar ƙasa. Abin da ka koya kan dokokin ƙwadagon Amurka ba duka zai yi maka aiki ba idan ka dawo Najeriya, inda masu ɗaukar aiki da dama za su tambaye ka rajistar CIPM.

Hukuncinmu

College Scorecard kayan aiki ne mai kyau don kore mugun zaɓi. Idan ka ga kwas wanda bashin ɗalibansa ya kusa kamo albashinsu na shekara, ko albashin bai wuce na jami'in HR mai digiri na farko ba, wannan gargaɗi ne da ya kamata ka ɗauka da gaske. Inda bai dace ba shi ne a jera makarantu da shi daga ta ɗaya zuwa ta ɗari, a ce wadda ke sama ta fi koyarwa. Gyaran da muke ganin ya fi muhimmanci ba mai wuya ba ne: tun da bayanan haraji na nan, a buga albashin ɗaliban kafin su shiga kusa da na bayan sun fita, a kuma nuna na ƙasa da na sama, ba na tsakiya kaɗai ba.

Kafin a yi hakan, mai neman gurbi ya yi wa makaranta tambayoyin da kansa, don kada ya yi cinikin biri a sama. Shekara nawa ɗalibanku suka yi suna aiki kafin su zo? Kashi nawa ne suka amsa tambayoyinku kan albashi? Waɗanne kamfanoni ne suka ɗauki 'yan ajin bara, kuma a wane matsayi? Baƙi nawa ne suka samu aiki, nawa ne suka koma gida? Makarantar da ta san abin da take yi tana da waɗannan amsoshin a ajiye. Wadda ta riƙa mayar da kai ga adadin nan guda ɗaya, ita ma ta ba ka amsa.